Funkason da Mas'uda Ta Mayar Mini

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. Gidan biki, gidan suna, har gidan gaisuwar mutuwa, sai wata ta matso ta ce, "Hajiya Rabi, wai yaya can ɗin take?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk wadda ta ji sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai wa ta gaba. Kwanan baya a Tudun Wada aka tare ni da cewa wai na yi dambe da Bayahudiya a kan bene. To, ban yi dambe da kowa ba. Ga yadda abin ya faru, na rubuta da hannuna, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata kayan gara ce: alkaki, nakiya, dubulan da funkaso. A Zariya in an ce alkakin Hajiya Rabi, ba a ƙara tambayar wace Rabi. Ba yabon kai ba ne, ko da yake in ban yabi kaina a nan ba, labarin ba zai yi ma'ana ba.

Autata Binta tana auren Malam Habu, wanda ke aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Tun da ya tafi da ita ban ƙara barcin kirki ba. Nakan farka in yi ta tunanin ko ta ci, ko tana da wanda za ta ce wa kaina na ciwo. Da ta samu cikin fari, a al'ada ita ya kamata ta dawo gida wanka, amma likita ya hana ta doguwar tafiya. Sai na ce ni zan je. Yayyena suka ce abin kunya ne uwa ta tare a gidan suruki. Na ce kunyar ta zauna ta jira ni, zan dawo in same ta.

Lokacin sojoji ne ke koya mana bin layi da bulala, saboda haka da na je Kaduna neman biza ban sha wahalar layi ba, na riga na ƙware. Na ɗaure kaya: garin alkama na Kadawa, garin gero, kanwa, kuka, daddawa, kilishi, turaren wuta da kaskon suyata wanda ya girmi Binta. Daga Kano jirgi ya kwashe mu, muka sauka wata ƙasar Turai, muka canja wani.

A jirgi na biyu ne na fara ganin Bayahude, ban ma san shi ba ne. Wani dattijo ne mai gemu, da wata 'yar hula da ba ta fi murfin kwano ba, manne a tsakiyar kansa. Da aka kawo abinci na ture naman, na ci burodi kawai, don ban san wa ya yanka ba. Shi kuwa nasa daban aka kawo, a lulluɓe, da hatimi, shi da kansa ya ɓare. Da gari ya waye sai ya miƙe, ya yafa wani farin mayafi mai tuntaye a kusurwoyinsa, ya fuskanci waje guda yana karatu yana rangaji kamar mai tilawa. Na ce a raina, wannan ko wane ne, ya san da Allah. Ni ma na yi sallata a zaune, ba wanda ya kalli wani.

A New York aka yi mini ɓarna. Wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. Ma'aikacin kwastan ya buɗe, ya zaro kilishin nan da na saya wa surukina, ya jefa a kwandon shara ina ji ina gani, wai doka ta hana shigo da nama. Daddawa ya shinshina, ya ja da baya, ya mayar da sauri. Da ya zo kan kanwa sai ya kira abokin aikinsa, suka yi ta juya ta. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, saboda haka na karɓa, na lasa, na shafa cikina, na yi alamar goyo. Suka yi dariya suka bar ni. Garin alkama dai ya tsira, shi ne kuwa abin da na fi ji.

Malam Habu ya tarbe ni a Washington ranar Talata. A tsakiyar Turawan nan ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, na ji daɗi a raina, na ce yaron nan bai bar tarbiyyarsa a jirgi ba. Sai ya ce, kansa a sunkuye, "Inna, ai an sauka lafiya. Namiji ne. Tun ranar Asabar."

Saura mako uku ake tsammani. Na ce, "Wa ke tare da ita?"

Ya ce, "Ina wurin aiki abin ya taso. Maƙwabciyarmu ce ta kai ta asibiti."

Gidansu a wata unguwa ce da ake kira Silver Spring, bene hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Na tarar da Binta ta rame, jaririn kuwa tubarkalla. Bayan mun gama koke-kokenmu na tambaye ta labarin maƙwabciyar. Ta ce sunanta Mas'uda, mijinta Haruna, Yahudawa ne 'yan asalin Maroko, ƙofarsu na kallon tamu. Na ce, "Mas'uda da Haruna kuma? Ai waɗannan sunayen gidanmu ne."

Binta ta ce, "Inna, ba ki san abin da matar nan ta yi ba. Su ranar Asabar, tun daga faɗuwar ranar Juma'a, ba sa kunna wuta, ba sa kashewa, ba sa taɓa waya, ba sa shiga mota. Ko lif ɗin nan ba ta hawa, da ƙafa take taka benen nan da ciwon gwiwarta. Amma da ta ji ina buga ƙofarta, ta ɗaga waya, ta kira tasi, ta shiga da ni. Ta riƙe hannuna har na haihu. Bayan nan ta zauna a asibitin ta ƙi hawa mota, sai da taurari suka fito, Asabar ta fita. Na tambaye ta, ta ce a addininsu rai yana gaba da Asabar."

Aikin Malam Habu na dare ne, domin lokacin da ake sauraronsa da safe a gida, can dare ne. 'Yan uwanmu Hausawa kuma a warwatse suke, wasu a Clinton, wasu a Springfield, kowa sai ya yi tafiyar mota mai nisa. Na gane cewa in na gama arba'in na koma Zariya, 'yata ba ta da kowa a kusa sai matar nan.

Kashegari ta zo. Gajeruwa ce mai jiki, ta ɗaure kanta da ɗankwali kamar kowace matar aure a gida. Ta rungume ni tana "Mabruk, mabruk," na amsa da ɗan Larabcin da na tsinta a Makka. Miyar kaza ta kawo wa mai jego. Ta juye a kwanonmu, ta tafi da tukunyarta nan take. Na ce da Binta, "Tsoro take ji mu riƙe mata?" Ta ce a'a, su ba sa haɗa nama da madara, ko a ciki ko a tukunya. Tukwanen nama daban, na madara daban, har cokula da soso, shi ya sa ba ta barin kayanta a wani gida. Ba sa cin alade, ba sa cin jini, kuma mahaucinsu sai ya ambaci Allah kafin ya yanka. A wurinsa ma Malam Habu ke sayen nama. Na leƙa ƙofarsu na ga wani ɗan kwanso a manne jikin dogarin ƙofa, suna shafa shi su sumbaci hannu in za su shiga. Binta ta ce ayoyi ne a ciki. Na ce to, mu ma kakata tana da laya a saman ƙofa.

Wankan jego a Amurka sai wanda ya gani. Ba itace, ba ganyen darbejiya, ruwan zafi daga famfo yake fitowa, kuma bai kai zafin da nake so ba, sai na ƙara tafasa shi a tukunya. Ranar da na kunna turaren wuta, wata ƙararrawa da ke manne a rufin ɗaki ta fasa ihu, na ɗauki jariri na yi hanyar waje ba takalmi. Mas'uda ce ta fito tana dariya, ta kaɗa wa abin tawul har ya yi shiru.

Suna ya kama ranar Asabar. Ranar Juma'a, jajiberin suna, na tashi tun asuba na kwaɓa garin Kadawa, ya tashi ya cika roba. Na soya funkaso irin wanda rabona da yin kamarsa tun bikin Binta. Na ce kafin kowa ya taɓa, matar da ta riƙe hannun 'yata ita za ta fara ci. Na zaɓi goma sha biyu mafi kyau, na jera alkaki a gefe, na rufe da faifai, na yafa gyale. Binta na barci, ban tashe ta ba. Na ce abinci ba ya bukatar tafinta.

Na ƙwanƙwasa. Mas'uda ta buɗe da fara'a, hannunta duk ruwa. Na ɗaga faifai. Wallahi sai na ga fuskarta ta canja kamar na nuna mata maciji. Ta tare ƙofa da jikinta, ta ɗaga hannu biyu tana "La, la, la!" tana zuba magana da Larabci da Faransanci da Turanci, ban kama ko ɗaya ba. Na ɗauka kara take yi mini irin tamu, sai na ƙara tura farantin gaba. Ta ja da baya, ta tura shi wajena. Garin haka alkaki ɗaya ya faɗi a bakin ƙofa ya farfashe. Ina tsaye matar nan ta ɗauko tsintsiya, ta share ɓurɓushin zuwa waje, ta bi wurin da tsumma.

Ku da kuka san ni kun san abin da na ji. Shekara talatin ina wannan sana'a, ba a taɓa mayar mini da faranti ba. A garinmu ko maƙiyinka ya kawo maka abinci, karɓa kake yi, in ya so ka ba kaji. Amma a mayar, a kuma share inda ka tsaya? Na juya, idona ya rufe, na dire farantin a gaban Binta na ce, "Ga uwar taki ta Amurka. Ƙyamarmu take yi. Daga yau ba ke ba ita."

Malam Habu ya yi ƙarfin hali daga bakin ƙofar falo ya ce, "Inna, ina jin kamar wani idi ne suke shiga yau."

Na ce, "Idin ne ya ce a share sawun baƙo?" Bai ƙara magana ba, suruki ne.

Da magariba muka ji gidansu ya cika, ana ta waƙe-waƙe ta bango. Na ce kun ji, biki suke yi, ba su gayyace mu ba. Kashegari aka raɗa wa yaro suna Musa, sunan mahaifin Malam Habu. An yanka rago a wata gona bayan Clinton, jama'a sun zo, funkaso ya ƙare tun kafin la'asar, har ana kankare faranti. Mas'uda ba ta leƙo ba, ni kuma ban gaya wa kowa abin da ya faru ba. Ranar Lahadi aka ƙwanƙwasa, na buɗe, sai ga ta riƙe da wani abu a naɗe cikin farin adiko, tana miƙo mini, idonta ya yi ja. Na dube ta sama da ƙasa na ce da Hausa, "Mun ƙoshi." Na rufe ƙofa. Ramuwar gayya, in ji masu magana, ta fi ta gayya zafi, kuma a lokacin har daɗi na ji.

Binta ce ta biya kuɗin fushina da hawaye. Ba ta yi mini musu ba, ban haife ta da haka ba, amma ta daina cin abinci sosai, nono ya fara ja baya. Na same ta tana kuka a banɗaki, ta ce, "Inna, ke za ki tafi. Ni za a bari da bangon nan." Maganar ta soke ni, amma girman kai ya hana ni lanƙwasa.

Ranar Talata Sista Ladi ta zo duba cibiyar yaro. Nas ce, Kirista, mutuniyar Pankshin, tana zaune a Clinton, ta kuma daɗe a ƙasar. Ta dubi idon Binta ta ce, "Mama, me ake yi wa yarinyar nan a gidan nan?" Na kwashe labari na gaya mata, ina jiran ta taya ni. Sai ta dafa kai ta ce, "Wayyo Mama! Funkaso? Na alkama da yisti? Ranar Juma'ar nan? Kai, Mama, ai gara ki kai mata garwashi a hannu!"

Ta zaunar da ni ta ce, "Idin Ƙetarewa suke yi. Yana cikin littafinmu mu ma. Lokacin da Musa ya fitar da mutanensa daga hannun Fir'auna, da sauri suka fita, ƙullunsu bai samu ya tashi ba. To don tunawa, kwana takwas ba sa cin duk abin da aka yi da alkama ya kumbura. Ba ci kaɗai ba, Mama, ko ɓurɓushinsa kada ya kwana a gidan. Ina aiki da tsofaffinsu, na sani. Mako uku suna wanke gida, har aljihun riga suna zazzagewa. Ranar Juma'ar da safe suke ƙona ragowar. Ke kuma da azahar kika tunkaro ta da tsibi guda."

Na ce, "To sunan fa? Me ya hana ta zuwa?"

Ta ce, "Ta shigo gidan da funkaso ke kan kowace kujera, ranar babban idinta, kuma Asabar? Ke in ana azumi wani ya kawo miki fura da tsakar rana ya kafa miki a baki, za ki sha don kara?"

Na tuna jan idon matar nan da farin adikonta, na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ita addininta ta tsare, ta kuma biyo ni har ƙofa don ta gyara. Ni kuwa babu abin da na tsare sai sunan alkakina.

Ranar Laraba na yi wanka, na sa kayan da ban taɓa shiga kicin da su ba, na kakkaɓe gyalena ta taga. Na ce Binta ta ɗauko yaro ta zo ta yi mini tafinta. Tun da nake ban taɓa zuwa ba wa wata mace haƙuri a ƙofarta ba, sai da na tsufa, a ƙasar wasu. Da Mas'uda ta buɗe na ware tafin hannuna biyu na ce, "Binta, gaya mata ta duba, ba ko ƙwayar gari. Gaya mata jahilci ne ya kawo ni ranar Juma'a, ranar Lahadi kuma rashin kunya. Ta yafe mini."

Binta ba ta gama fassarawa ba matar nan ta faɗo jikina. Ta ce tun ranar ba ta ji daɗin idin ba, ta san abin da mayar da abinci yake nufi, domin a Maroko ma haka ne. Ta karɓi yaro ta tambayi sunansa. Da aka ce Musa, Malam Haruna, wani dogon tsoho mai 'yar hula irin ta mutumin jirgi, ya tafa hannu ya yi ta dariya, ya ce a duk shekara ba makon da ya fi dacewa da wannan suna.

Ta shigar da ni kicin ta nuna mini. Ko'ina an lulluɓe, tukwanen ma na makon ne kaɗai, daga ya wuce sai a mayar da su akwati. Ta warware adikon nan ta ba ni abin da na ƙi karɓa. Wata busasshiyar gurasa ce, fale-fale, mai ƙananan huji, suna ce mata matsa. Na gutsura. Ba gishiri, ba mai, ba komai. Ta ce yaya? Na ce Binta ta gaya mata gaskiya, wanda ya ci wannan kwana takwas lallai yana son Allah. Har ta riƙe ciki don dariya.

Malam Haruna ya ba ni labarin daren da muka ji waƙa. Ya ce iyali ke zama a tebur ɗaya, mafi ƙanƙanta ya tambayi dalilin daren, babba ya ba da labarin fita daga Masar. Suna cin ganye mai ɗaci don tuna ɗacin bauta, su tsoma wani a ruwan gishiri don hawaye, su ci dabino da aka kirɓa da gyaɗar ƙasarsu don tuna laka da kakanninsu suka yi tubali da ita. Na ce mu ma muna azumin Ashura saboda ranar da Allah ya tserar da Annabi Musa, mu kuma cika ciki. Ya ce suna da sabuwar shekara da ake busa ƙahon rago, da ranar azumin neman gafara daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar rana ba ko ruwa, da makon da suke cin abinci a bukkar ganye, da kwana takwas na kunna fitilu a lokacin sanyi. Na ce ashe ku ma ba kwa rabo da hidima.

Muna shan shayi sai Mas'uda ta ce akwai abin da take so ta gaya mini. A garinsu, Maknas, in idin nan ya ƙare, ba Bayahude ne ke kawo garin farko cikin gida ba. Maƙwabta Musulmi ne ke shigowa da shi, da yisti da zuma da madara, a buɗe ƙofofi, a yi ta ci tare. Suna kiran daren Mimuna. Maƙwabciyar mahaifiyarta, wata Lalla Zahra, ita ke kawo musu kowace shekara har ta tsufa. Ta ce, "Fiye da shekara ashirin ke nan da na bar gida. Kowace shekara Haruna ke zuwa kanti ya sayo. Gari dai gari ne, amma ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da shi."

Na ce, "Binta, tambaye ta yaushe idin zai fita."

"Ranar Asabar, in taurari uku sun bayyana."

Na ce, "Gaya mata kada Malam Haruna ya je ko'ina."

Na aiki Malam Habu ya sayo sabon kasko, domin nawa ya sha suyar nama, da yisti da zuma da madara daga kantin da Malam Haruna ya kwatanta masa. Ranar Asabar bayan na yi sallar magariba na tsaya a taga. Da taurari suka fito na sa leshina na zuwa biki, na jera kaya a babban faranti, garin Kadawa a tsakiya, na ɗora a ka. Tsakanin ƙofarmu da tasu taku shida ne, amma na yi shi kamar mai kai gara gidan sarauta. Na ƙwanƙwasa.

Gidan cike yake da danginsu, mata sanye da dogayen riguna masu aikin zare. Da suka ga farantin a kaina sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Guɗa fa, irin tamu! Ai ban san lokacin da na kama hanci na mayar mata ba. Mas'uda ta sauke ni da hannunta, tana kuka tana dariya.

Na kwaɓa a kicin ɗinta, cikin robarta. Su suna da wata waina tasu fale-fale da ake ci da man shanu da zuma, ba ta jiran tashi, nan da nan aka soya tsibi. Mutane kwana takwas suna cin matsa, kowa ya zuba wa farantin ido. Sai Mas'uda ta rufe shi da adiko ta ce ba wanda zai sa komai a baki sai na maƙwabciyarta ya nuna. Sa'a guda cur mutanen nan suna jiran ƙulluna, ni kuma ina addu'a a zuci kada sanyin ƙasar ya kunyata ni. Ya kuwa tashi, har ya ɗaga murfi.

Na farko da na tsamo daga mai, ja, a kumbure, na sa a faranti na zuba zuma na miƙa mata a gaban kowa. Ta yi addu'arta, na yi bisimillata, ta gutsura. Ta rufe ido tana taunawa. Da ta buɗe ta yi magana, Binta ta ce, "Inna, ta ce yau ta koma gidan uwarta." An ci funkasona a gidajen manya, an yaba, amma ban taɓa jin alfahari da sana'ata irin na wannan rana ba. Ko guda bai yi saura ba, har wani likita a cikinsu ya naɗe biyu a takarda ya sa a aljihu.

Sauran kwanakin na koya mata kwaɓin funkaso da goyo da zane, ita kuma ta koya mini burodinsu na Asabar. Na gama arba'in, azumi ya matso, na ɗaure kaya. Ranar tafiya na kama hannun Binta na sa a na Mas'uda na ce, "Ga amana." Wannan kalma ba ta bukaci tafinta ba, da Larabci ma haka take.

Yanzu shekara ta zagayo. Makon jiya wani abokin aikin Malam Habu ya zo hutu ya kawo mini kaset. Binta ta gaishe da kowa, ta ce Musa ya fara tafiya, ta ce bana ita ta ɗauki farantin gari a ka, Mas'uda kuma ta buɗe mata ƙofa goye da yaron. Sai na ji ana raɗa, ana dariya, sannan wata murya ta matso, tana jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya da wata karyayyiyar Hausa da aka yi kwanaki ana koya mata:

"Hajiya Rabi. 'Yarki ta ci. Ta ƙoshi. Ki yi barci."

Sau uku na mayar da wurin. Ranar kuwa sai da ladan ya yi kira na biyu na farka.